Katantanwar da Aka Kai wa Malam Inuwa

Tarauni, Kano
4 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa. Layinmu ya zama tafki, 'yan adaidaita sun daina shigowa, sai mutum ya naɗe ƙafar wando ya taka zuwa titi. Baba yana nan da ƙarfinsa. Jiya na same shi a ƙofar gida a Gyadi-Gyadi yana yi wa mai kayan miya faɗa don ya tare masa kwata da baro.

Kamar kullum, da biro na rubuta, na ɗauki hoto na turo miki. Kin san ɗan tsohon ma'aikacin gidan waya bai iya doguwar magana ba sai a takarda, kuma yatsun mai gyaran wuta sun fi ƙarfin madannan wayar nan.

Saratu ta Hotoro ta dawo daga can, ta iso da tsarabarki. Yaya Hasana ta sami mayafinta, Yaya Bello ya sami turarensa, ni ma fitilar goshi ta yi mini daidai, har na fara shiga silin da ita. Allah ya yi albarka. Amma don Allah mece ce kika aiko wa Baba? Mun ga ƙulli a liƙe da sunan Malam Inuwa, muka zata agogo ne. Ya buɗe, sai ga katantanwa. Tsawonta kamar babban yatsa, sama faɗi ƙasa tsini, jikinta da zane kamar atamfa. Takardar da ke ciki shi kaɗai ya karanta, ya yi ta dariya, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce amaryarsa ce ta rubuto, ba ruwanmu. Katantanwar kuma ya ɗora ta a kan rediyo kusa da gado.

Na yi mamaki, ba zan ɓoye miki ba. Rabon da in ji ya ambaci sunanki da fara'a tun ranar da kuka yi ta a tsakar gida kan tafiyarki. Yaushe kuka shirya ba mu da labari?

Sannan shekara uku ke nan, har yau ban san me kike karanta ba. A shago in an tambaye ni sai in ce likita ce. Su ce likitar me, in ce ta komai. Ki fitar da ni kunya.

Kawunki,
Lawan

Brisbane, Ostiraliya
7 ga Satumba

Kawu Lawan,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, a gaida Inna Hasana da Kawu Bello da yara. Ina lafiya. Sanyi ya fara sauƙi a nan, na ajiye rigar da ke sa ni zama kamar buhun gero.

Ka daina ce musu likita ce, kada wata rana a kawo maka mai ciwon ciki shago. Ni ba na duba mara lafiya. A ɗakin bincike nake wuni, kuma katantanwar nan gidan irin dabbar da nake aiki a kanta ce. Dodon koɗi ne, amma na teku, ba irin wanda ke bin bango da damina ba.

Tafiyarsa a hankali take, amma kifi yake ci. Yana da wani haƙori siriri kamar allura. Yana harba shi, kifin zai sandare nan take, ko jela ba ya ƙara kaɗawa, sai ya jawo shi ya haɗiye. Ranar da na fara gani da idona sai da na yi salati.

Yadda abin yake, kai za ka fi kowa ganewa. Jijiya waya ce, saƙo yana bin ta da ɗan lantarki. A jikinta akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, suna buɗewa suna rufewa, gishirin jiki yana shiga yana fita ta cikinsu. Wata ƙofar ta sodiyom ce, wata ta fotasiyom, wata ta kalsiyom. Wannan shiga da fitar shi ne lantarkin. Dafin dodon koɗin kuma ba abu ɗaya ba ne, guntayen furotin ne sama da ɗari a haɗe, kowanne da ƙofar da ya sani. Wani ya toshe ta, wani ya danne ta a buɗe ta kasa rufuwa. Ka ɗauka mutum ne ya shiga gida ya san makunnin kowane ɗaki.

Nawa aikin shi ne in ware su ɗaya bayan ɗaya, in ga wanne ne ke rufe ƙofar da zafin ciwo ke bi zuwa ƙwaƙwalwa ba tare da ya taɓa sauran ba. An riga an sami ɗaya da ya zama magani, ana ba wa masu ciwon da ya gagari sauran magunguna, ta allura a ruwan laka. Ni ina neman wanda zai fi shi sauƙi. Shekara uku ina nema, kuma ban gaji ba.

Abin da na rubuta wa Tsoho kuwa, tsakanin miji da mata ne. Tunda ƙanwarsa ce ta haifi mahaifiyata, ni da shi wasa har abada, ku 'ya'ya sai dai ku sa ido. Ka ce masa ya rage faɗa da masu baro, ya ajiye ƙarfinsa sai na zo.

'Yarka,
Fiddausi

Tarauni
15 ga Satumba

Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu ba lafiya ba.

Shekaranjiya da hantsi Baba yana zaune a zaure yana shan koko, kofin ya suɓuce daga hannunsa. Kafin Yaya Hasana ta ƙaraso bakinsa ya karkace. Hannun dama da ƙafar dama sun saki. Magana ta ɗauke. Yana kallonmu, yana gane mu, amma in ya buɗe baki wani sauti ɗaya ne ke fita.

Da Yaya Hasana ta zo canja masa riga, sai ta ci karo da takardarki a aljihu. A gaban Yaya Bello da maƙwabta biyu ta karanta. Bari in kwafo miki, ko kin manta abin da hannunki ya rubuta:

"Angona, tsoho mai ran ƙarfe, ga tsarabarka. Mai wannan gida idan ya soki kifi ba ya ƙara motsi. Na aiko maka ko ka gaji ka kwanta, mu jikoki mu ci gumba. Mun gaji da jira."

Yaya Bello ya juyo ya tambaye ni ainihin aikin da kike yi a can. Ni kuma da wautata na fito da waya na karanta musu wasiƙarki, a zatona zan wanke ki. Da na kai wurin da kika ce kifin yana sandarewa, maƙwabtan suka kalli juna. Da na kai wurin makunnin kowane ɗaki, Yaya Hasana ta fashe da kuka.

Na san wasan jika da kaka. Ni ma na tsokani kakata da gumbar mutuwarta, ta bi ni da muciya. Amma ni ba ni da dafi a hannu lokacin da nake faɗa. Ke kina da shi. Kwana goma kacal tsakanin zuwan abin nan da faɗuwar Baba, kuma a kusa da kansa yake kwana.

Yaya Bello ya ce jifa ne, kuma ba a kai mai jifa asibiti. Ya ɗauko wani mai magani daga Darmanawa, ana hayaƙi ana shafe. Katantanwar an ɗauke ta da tsumma an sa a gwangwani an rufe.

Na kira ki sau bakwai, wayarki a kashe. Ki kira ni.

Lawan

Tarauni
21 ga Satumba

Fiddausi,

Ban san ko in tambayi lafiyarki ba, tunda kin zaɓi ki yi shiru. Kwana shida ke nan. Saƙona ko shiga bai yi ba. Ke da ba a yi miki magana da safe ki kai azahar ba ki amsa ba, sai yanzu ne wayarki ta san mutuwa?

Ni ne kaɗai a gidan nan nake cewa a jira a ji daga bakinki, kuma kullum kina ƙara kunyata ni. Jiya na rufe shago na tafi Hotoro wurin Saratu. Na tambaye ta yadda kika ba ta saƙon. Ta ce sauran tsarabar a leda ɗaya kika zuba, na Baba kuwa kika naɗe da auduga, kika liƙe, kika ce hannu da hannu, kada kowa ya buɗe sai shi. Me ya sa? Tun da nake, tsaraba a tsakar gida ake zube ta, babba ya raba. Ban taɓa ganin an ware ta mutum ɗaya an liƙe ba.

A hanyar dawowa na yi ta tuna ranar da za ki tafi. Baba ya ce bai yarda ki je ƙasar da ba a jin kiran salla ba. Kika miƙe a gaban mutane kika ce za ki tafi ko ya so ko ya ƙi, kuma wata rana zai gani. Ya ƙi raka ki filin jirgi. A lokacin na ɗauka ƙuruciya ce. Yanzu kalmar nan ta "zai gani" ta hana ni sakat, ina cikin ɗaura soket sai in ji ta a kunnena.

Ba na son in yarda. Tun kina rarrafe na san ki. Amma mutum yana tafiya wata ƙasa ya dawo wani daban, kuma mu ba mu san waɗanda kike zama da su ba.

Baba yana nan yadda yake, sai dai in an ba shi ruwa ko rubutu yana ƙwarewa, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Ya rame.

In kina da abin faɗa, ki faɗa.

Lawan

Brisbane
23 ga Satumba

Kawu,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu na sauka daga jirgin ruwa, na kunna waya na ga wasiƙunka biyu. A bakin tashar nake zaune a kan jakata ina rubuta wannan.

Wani tsibiri muka je ɗebo dodon koɗi. Wata ce ta fasa zuwa aka ba ni gurbinta ana gobe tafiya, kuma can babu sabis ko kaɗan. Laifina ne da ban gaya maka ba. Wallahi ban san komai ba sai yanzu.

Kawu, ka saurare ni kamar yadda kake sauraron wanda ya kira ka gidansa yana ƙaurin waya. Wallahi babu dafi a katantanwar nan. A shagon 'yan yawon buɗe ido na saye ta, cikin kwando da ɗaruruwan irinta, an dafa an wanke an goge, yara ma suna wasa da su. Dafin a cikin jikin dabbar yake, ba a bawo ba, kuma sai tana da rai ta soki mutum. In ta soke shi, cikin mintoci ko 'yan sa'o'i abin ke kama shi, ba kwana goma ba. Ba ya zaɓar gefe ɗaya, jiki duka yake bi har numfashi. Auduga kuwa don kada ta fashe a akwati na sa. Na liƙe ne don na san in Inna Hasana ta ga takardar za ta ce ba ni da kunya.

Mun shirya da Tsoho tun sallar farko da na yi a nan. Shi ya kira ni da ƙaramar wayarsa ya ce ya yafe, kada in gaya wa kowa don kada a ce ya sauko. Duk ranar Juma'a muna magana. Zancen gumba shi ke fara shi, ya ce in daina murna, sai ya ga jikokina. Wallahi haka ne.

Abin da ka kwatanta shanyewar ɓarin jiki ne. Ba makunni aka taɓa ba, layin da ke kai wuta ɓangare ɗaya na gidan ne ya yanke. Jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta fashe. Tsoho ya daɗe yana ce mini kansa na sara, ina cewa ya je a auna jininsa, yana cewa shi ba rago ba ne.

Ku kai shi asibiti yau. Wanda ya samu sau ɗaya yana iya sake samu, na biyun kuma ya fi muni. Ƙwarewar nan ta fi komai ba ni tsoro, domin abin da ake ɗura masa huhunsa yake tafiya. Kada a ba shi komai a kwance. Don girman Allah, Kawu, ku zage ni daga baya, amma ku kai shi.

Fiddausi

Gyadi-Gyadi
25 ga Satumba

Fiddausi,

Na ga saƙonki, na gode Allah da kina lafiya. Na karanta sau uku, sannan na karanta wa Yaya Bello.

Ya ce dama me kike so ki ce? Ya ce duk wanda ya yi abu irin wannan yana da bayani a shirye, kuma mai ilimi ya fi kowa iya shirya shi. Na duba wayar Baba na nuna masa lambarki, Juma'a bayan Juma'a. Ya ce ya ga an yi kira, amma bai ji abin da aka faɗa ba. Zancen asibiti kuwa ya fi komai tunzura shi. Ya ce kowa ya san in aka yi wa mai jifa allura shi ke nan, kuma ga wadda ta yi jifan tana roƙo a kai shi inda ake allura.

Kada ki ɗauke shi mugu. Tun ranar da Baba ya faɗi bai koma gidansa ba. Shi ke ɗaga shi, shi ke wanke shi, ya bar kasuwa ya bar komai. Yana da aboki da aka kai asibiti da irin wannan ciwo bai dawo ba, kuma abin yana ransa.

Mai maganin ya ce aikin ba zai karye ba sai wadda ta aiko ta faɗi abin da ta sa a ciki. Yaya Bello ya ce a kan wannan yake, ba zai motsa ba sai kin faɗa.

Jiya da la'asar na sami Baba shi kaɗai. Na durƙusa na ce, "Baba, Fiddausi ce ta yi maka wannan?" Ya kalle ni, hawaye ya zubo, ya ɗaga hannun hagu yana kaɗawa. Ashe Yaya Hasana tana bakin ƙofa. Ita ta ce cewa yake a raba shi da ke. Ni na ga kamar a'a yake cewa. Wallahi ban sani ba. Mutum ɗaya ne ya san gaskiyar wasanku, kuma ga shi an ɗaure masa harshe.

Tun jiya jikinsa ya yi zafi, ƙirjinsa yana ƙara in yana numfashi. Ni ƙane ne. Ba zan iya ɗaukar mahaifinmu in fita da shi a kan idon yayana ba, ko na gwada maƙwabta za su tare ni. Bayaninki ya shige ni, amma da na kalli gwangwanin nan sai shakka ta dawo mini. Ban san wa zan yarda da shi ba.

Ki faɗi gaskiya ko wace iri ce. Lokaci yana tafiya.

Lawan

Brisbane
25 ga Satumba

Kawu Lawan, wannan ta Kawu Bello ce. Ka karanta masa duka, kada ka tsallake komai.

Kawu Bello, ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jinya.

Ka ce in faɗi abin da ke cikin katantanwar. Zan faɗa. Abin da na rubuta shekaranjiya ba haka yake ba, tsoro ne ya sa. Ba a shago na saye ta ba. Daga ɗakin bincikenmu na ɗauko ta, daga cikin waɗanda muke tatsar dafinsu, kuma ban wanke ta yadda doka ta ce ba. Akwai sauran dafi a ciki. Baba ya yi ta juya ta a hannu, ya shige shi a hankali. Ban yi da niyya ba, amma ganganci na yi, kuma ni ce sanadi.

Ba jifa ba ne. Ban je wurin kowa ba, ban san hanyar ba. Dafi ne na dabbar da babu ita a ƙasarmu, don haka mai maganin Darmanawa bai taɓa ganinsa ba, kuma ba shi da makarinsa. Likitocin asibiti ne kaɗai suka san yadda ake yi da shi. Zazzaɓin nan alama ce ya kai ƙirji. In aka ƙara kwana biyu ba za a iya komai ba.

Na haɗo da takarda da Turanci. A buga ta a miƙa wa likita hannu da hannu, zai san abin da zai yi.

Duk hukuncin da kuka yanke a kaina na karɓa. Ku kai shi yau.

Fiddausi

Asibiti, Kano
30 ga Satumba

'Yata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, kina cin abinci. A kan benci nake a bakin ɗakin maza, takardar a kan gwiwata, ki yi haƙuri da rubutun.

Na karanta wa Yaya Bello saƙonki. Ya karɓi wayar, ya shiga ɗakin Baba, ya sake karantawa da ƙarfi a kansa, ya ce, "Baba, ka ji amaryar taka." Sannan ya fita ya kawo mota. Ko awa ɗaya ba a yi ba muna asibiti.

Ni na kai wa likitar takardarki, ni kaɗai, Yaya Bello yana wurin yankar kati. Ta karanta ta gyaɗa kai ta ce wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake yi. Na ce, "Likita, dafin zai fita kuwa?" Ta ce, "Wane dafi?" Na yi mata bayani. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta juyo da takardar ta fassara mini layi bayan layi. Shekarunsa, ranar da ya faɗi, gefen da ya shanye, ciwon kan da ya daɗe yana yi, ƙwarewa, zazzaɓi, da roƙon a duba huhunsa. Babu dodon koɗi a ciki, ko sau ɗaya.

Na fita na tsaya a jikin bango. Na buɗe wasiƙunki biyu na ƙarshe na jera su. A ta farko kin rantse sau uku. A ta biyu, wadda kika ɗora wa kanki laifi, ba ki ambaci sunan Allah a kan maganar ba ko sau ɗaya. Ni da nake taƙama da gane inda waya ta ƙone tun daga ƙofa, wannan ta wuce ni.

Jininsa ya hau sosai, sun ce da wuya a ga irinsa mutum yana raye. Hoton kai ya nuna abin da kika faɗa. Huhunsa ya kamu, ana ba shi magani ta jijiya, abinci kuma ta roba a hanci. Zazzaɓin ya sauka tun shekaranjiya. Jiya mai gashi ya zo ya fara motsa masa hannu da ƙafa. Likitar ta ce da mun ƙara kwana biyu ko uku, da wani zancen ake.

Yanzu ga inda muke. Yaya Bello ya tara mu ya ce kada a sake ambaton sunanki a gidan Gyadi-Gyadi, kuma in kin zo Kano kada ki taka ƙofar. Yaya Hasana ta cire hotonki na gama jami'a daga bango. Dangi har na Wudil sun ji, kowa da yadda yake ƙara wa labarin gishiri. Yaya Bello yana zaune yana kallon ruwan da ake ƙara wa Baba, a ransa dafinki ne ake wankewa. Turancinsa bai kai ya bi zancen likitoci ba, ni nake fassara masa, kuma na roƙi likitar ta bar bayani a hannuna. Mai maganin yana kiransa kullum. Na san yayana: ranar da ya ji babu dafi, zai koma kan jifa, ya ce asibiti ba ta ga komai ba, ya nemi a sallame mu.

Kusan mako biyu na yi ina zarginki. Na je har Hotoro ina bin diddiginki kamar ɓarauniya. Ki yafe mini, kunya ta ishe ni.

Bakina yana ƙaiƙayi. Duk lokacin da aka zage ki a gabana sai in ji kamar in tashi in faɗa. Ki ba ni izini.

Kawunki,
Lawan

Brisbane
1 ga Oktoba

Kawu,

Alhamdu lillahi. Na karanta wurin da ka ce zazzaɓi ya sauka, na ajiye wayar na yi sujada a ɗakin bincike, abokan aikina suna kallona.

Ban ba ka izini ba. Ba yanzu ba, ba kuma ranar sallama ba, domin gashi wata da watanni ne, maganin hawan jini kuma har ƙarshen rai. In Kawu Bello yana ba shi ƙwayar ne don yana zaton dafina take kashewa, to ya ci gaba da zato. Na yi ƙarya, na sani, ina neman gafarar Allah a kanta. Ban ga wata ƙofa ba.

Ba zan ce maka abin bai dame ni ba. Na sayi tikitin zuwa a Disamba tun watan jiya. A gidan nan na koyi tafiya, a nan aka yi zaman makokin mahaifiyata. Jiya na yi kuka har na gaji. Kai kuwa babu abin da zan yafe maka, da ni ce a wurinka da na yi zargin da ya fi naka.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ka ce a kansa aka karanta. Tsoho yana ji, Kawu, bakin ne kawai babu. Yana kwance yana tunanin ni ce na kwantar da shi, kuma ba shi da halin tambaya. Kowa ya ɗauke ni yadda ya ga dama, ban da shi. Ka nemi lokacin da babu kowa ka gaya masa.

'Yarka,
Fiddausi

Asibiti
3 ga Oktoba

Fiddausi,

Lafiya lau, jiki da sauƙi, yau ya zauna da matashi a bayansa.

Na gaya masa da safe, lokacin da Yaya Bello ya sauka karɓo magani. Na faɗa masa duka, tun daga shagon har takardar likita. Sannan ya miƙo hannun hagu ya kama aljihun rigata, ya yi ta ja har wayata ta faɗo kan gado. Ya tura mini ita da yatsa. Na ce, "In kira ta?" Ya runtse ido ya buɗe. Kafin in danna muka ji takun Yaya Bello, na mayar da ita aljihu, Baba kuma ya juya fuska bango kamar mai barci.

Ranar Alhamis Yaya Bello zai leƙa kasuwa, karo na farko tun da abin ya faru. Ƙarfe goma na safe agogonmu zan kira ki in kara masa a kunne. Ba zai iya amsawa ba, ke za ki yi ta magana. Ki shirya abin da za ki ce, kuma kada ki yi masa kuka.

Kawunki,
Lawan